Shekarar da Sefa Ta Cinye Mana Shanu

Nasiru, ranar da ka zo hutun sallah ka zauna a zaure kana karanta wa ƙannenka labari a waya, wai ƙasashenmu na nan kusa za su haɗa kuɗinsu ya zama iri ɗaya, har a kai ga majalisa ɗaya, na ga kana ta murna kamar kai za a ba ajiyar. Ka tambaye ni ra'ayina, na ce Allah ya sa alheri, na ci gaba da tufkar igiyata. Ka ɗauka ban gane ba ne. Na gane sarai. Abin da ya hana ni magana shi ne amsar tana da tsawo, kuma ta ratsa ta cikin wata maganar da kuka daɗe kuna ji a bakin mutane amma ba ku taɓa ji a bakina ba, cewa ni na raba gidan mahaifinmu, ni na sa aka ja katangar da ke tsakaninmu da gidan Baffanku Sale. Gaskiya ne, ni na nema. Sai dai masu ba ku labarin daga katanga suke farawa, ni kuwa daga shanu zan fara.

Ku da kuka tashi kowa da gonarsa ba ku san gandu ba. Gandu shi ne gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, mai magana ɗaya. Da Baba ya rasu, Yaya Sale ya gaji riƙon gida. Mu biyu ne maza, ga matanmu da 'ya'yanmu, ga Inna. Da safe kowa ya nufi babbar gona, sai rana ta juya mutum ya leƙa gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa don kuɗin sabulu da goro. Mai gandu shi ke auna hatsin tuwo, shi ke ɗinka wa yara kayan sallah, shi ke aurar da wanda ya isa. Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba yana kabari: bai taɓa cin ƙwayar gero ɗaya a ɓoye ba, kuma in abinci ya yi ƙaranci kwanonsa ake fara ragewa. Aibinsa guda ne. Shawara a wurinsa ita ce ya kira ka ya gaya maka abin da ya riga ya yanke, kai kuma ka ce to.

Shanun huɗarmu biyu ne, Fari da Ɗan Baƙi. Fari na gandu ne, tun zamanin Baba. Ɗan Baƙi kuwa ni na saye shi yana maraƙi a kasuwar Ɗambatta da kuɗin barkonon gayaunata, bayan na hana kaina sabuwar riga har uwarku ta fara yi mini gori. Na ɗaure shi a turken gida, don turke ɗaya ne a gidan, ya ci harawar gandu ya girma. Da abokin huɗar Fari ya mutu, Yaya ya ce a haɗa su. Na ji daɗi har da ɗan taƙama, ga sana yana ciyar da gida. Ranar da aka ɗora musu itace ɗaya a wuya, ranar ya daina zama nawa, ni ne dai ban sani ba. Fari tsoho ne mai nawa, Ɗan Baƙi kuwa mai zafin nama, sai ya riƙa fizga yana ja, itacen ya goge masa wuya har ya yi gyambo. Da ya ga fizgar ba ta kai shi ko'ina sai ya koyi tafiyar Fari.

Wannan duk a shekarun wuya ne, lokacin soja. Naira ta riƙa narkewa a aljihu. Ka sayar da buhun wake yau, ka ajiye kuɗin zuwa bazara, in ka koma kasuwa ba za su sayo maka buhun ba. Takin zamani ya zama sai mai hanya, man fetur sai an kwana a layi. Kowa na neman inda zai ɓoye guminsa kada ya zama takarda.

A irin wannan kakar ce Kawu Mamman ya sauka a gidanmu. Ƙanen Inna ne, ya yi aure ya zauna can wajen Damagaram a Nijar, yana kawo kanwa yana sayen wake a kasuwar Dawanau. Mutum ne mai daɗin hira, in ya fara sai ka manta ba ka yi la'asar ba. Muna zaune a gindin darbejiya ya zaro takardun sefa, kuɗin ƙasarsu, ya shimfiɗa su a kan tabarma yana gyara musu kunne.

"Ku naira taku marainiya ce," in ji shi. "Ƙasa ɗaya ke goyon ta, ita ma ƙasar jiri take yi. Tamu kuwa ƙasashe ne rututu suka taru a kanta, ga Bature ya dafa ta baya. Tun ina saurayi ba ta gusa daga inda take ba. Ka taɓa ganin tsintsiya a ɗaure ta karye?"

Na ce, "Kawu, a cikin ƙasashen nan naku, wa ke riƙe da bakin jakar?"

"Kai Garba da tambaya kamar alƙali! Dukanmu mana."

"Kawu, mutane da yawa ba sa riƙe bakin jaka ɗaya. Dole akwai mai igiyar."

Ya yi dariya ya ce wa Inna ɗan nan nata da ya yi boko da ya addabi duniya. Yaya bai yi dariya ba. Ya ɗauki takarda ɗaya yana juya ta a hannu, ya daɗe yana kallo. Na san wannan kallon, irinsa yake yi wa gona kafin ya ce ga abin da za a shuka.

Al'adarmu, in shanun huɗa sun tsufa, bayan kaka sai a ɗan yi musu kiwo su yi ƙiba a sayar, a sayo ƙanana a horar da su kafin ruwa ya sauka. Fari ya isa sayarwa, ba wanda ya yi musun wannan. Wata safiya muna shan koko Yaya ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Ranar kasuwa za a kai shanun nan Ɗambatta."

"Har Ɗan Baƙi?"

"Sa ɗaya yana huɗa ne? A tare za su fi daraja. Harawar bana ba za ta kai su damina ba, dusa kuma ka san kuɗinta. A sayar, a mai da kuɗin sefa, a haɗa da na wake a ajiye. In bazara ta yi a canza, a sayi matasa biyu da taki."

Na ce masa a sayar da Fari kaɗai a nemo wa Ɗan Baƙi abokin tafiya tun yanzu, ni zan nemo harawar ko da sai na sayar da kekena. In kuma lallai sai an sayar da duka, to a zuba kuɗin a gero a sa a rumbu, ko ba komai gero in ya faɗi a kasuwa ba ya faɗuwa a tukunya. Ya saurare ni har na gama, ya kurɓe kokonsa, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaron da ake nufi a lokacin yana da 'ya'ya uku da furfura a gemu. Na shiga wurin Inna. Ita ba ta faɗar sunan Yaya, da yake ɗan fari ne.

"Yayanka ne," ta ce. "Ubanku a tukunya ɗaya ya bar ku. Kada in ƙara jin wannan magana."

Ni na ja Ɗan Baƙi da hannuna har kasuwa, don ban yarda wani ya doke shi a hanya ba. Da dillali ya karɓi igiyar sai san ya juyo yana shinshinar rigata, yana neman ɗan gishirin da na saba ajiye masa a aljihu. Na ba shi, na juya ban waiwaya ba. Na yi baƙin ciki ranar, kuma har yau in na tuna ina jin sa a ƙirji. Yaya ya shiga birni wurin 'yan canji ya mai da kuɗin shanu sefa, waken kuma abokan Kawu suka saya suka biya da ita. Aka zuba duka a gwangwani aka kai ɗakin Inna.

Saura 'yan makonni azumi, ina teburin mai shayi da hantsi, rediyo ta faɗa. Shugabannin ƙasashen sefa sun taru a wani birni can nesa, su da Turawan da ke dafa musu, a zama ɗaya sun raba darajarta biyu. Abin da yake ɗaya jiya, yau rabi ne. Na ajiye kofin na nufi gida. Yaya yana gyaran danga, na gaya masa, ya ce ƙaryar rediyo ce, ƙasashe masu yawa haka ba za su taru su yanka kansu ba. Washegari ya hau mota zuwa birni. Ya dawo da yamma da gwangwaninsa a cikin buhu kamar yadda ya tafi da shi, ya shige ɗaki, tuwonsa ya kwana a rufe. Ban ce masa ai na faɗa ba. Uwarku shaida ce, na cije harshena har ya kusa tsinkewa.

Cikin azumi Kawu ya dawo, ya rame, hirar nan duk babu. Bayan an sha ruwa Yaya ya tambaye shi ko za a iya tsallakawa da sefar a sayo shanu a can, tunda a can kuɗinsu ne. Kawu ya girgiza kai ya ce fatakenku sun riga ku, sun cika kasuwanninmu da naira suna kwasa, makiyaya kuma sun farga sun ɗaga farashi. Sannan ya juyo gare ni.

"Ɗana, ka tambaye ni mai igiyar jaka na yi maka dariya. Wallahi mu ma a rediyo muka ji, kamar ku. Shugabanninmu har rantsuwa suka yi ba za a taɓa ta ba. Ashe ƙasashen bakin teku ne, masu koko da kofi, kayansu ya yi tsada a duniya ba a saye, suna bukatar kuɗi mai araha. Mu kuwa 'yan rairayi, da magani da shinkafa da ƙarfe duk daga waje muke saye. Ciwon wani ne, aka ɗura mana maganin gaba ɗaya. Yanzu ƙwayar zazzaɓi ta fi ƙarfin talaka a garinmu."

Na ce, "To ku fita mana, Kawu, ku yi naku."

"A fita a je ina? Wanda tun haihuwarsa wani ke riƙe masa kuɗi, ai bai san yadda ake riƙewa ba. Shiga ce mai sauƙi, Garba."

Na dubi Yaya, Yaya yana duban tabarma. Kawu yana ba da labarin ƙasarsa ne, amma ni labarin ɗakina nake ji.

Da a nan abin ya tsaya, da har yau gidan nan ɗaya ne. Asara ba baƙuwar manomi ba ce. Abin da ya raba mu shi ne hukuncinsa na biyu. Bayan sallah na ce wa Yaya a canza abin da ya saura haka nan, a sayi ko da ƙananan maruƙa ne, ko sa ɗaya mu haɗa da na maƙwabci. Ya ce a'a, in an canza yanzu an tabbatar da asarar, za ta tashi, a jira. Muka jira. Bazara ta zo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, muna jira. Ana ta gutsurar gwangwanin kaɗan kaɗan don cefane. Ruwan shuka ya sauka turkenmu babu ko kashin saniya.

Shekarar nan da hannu muka yi huɗa, da garmar hannu irin ta kakanni, ni da Yaya da manyan yaransa, gonar da shanu ke gamawa kafin ƙasa ta sha iska. Masu shanun haya sai sun gama nasu da na surukansu kafin su waiwaye ka, da suka iso mana lokaci ya wuce. Taki ko mudu ba mu sa ba. Gero ya tsaya gajere, ganyensa rawaya, kana tsaye a tsakiyar gona kana hango mai wucewa a hanya. Masu magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gandu har wanda ke kwance a sheƙa sai ya jiƙe. Aka rage awo tun kafin sabon gero ya nuna. Kai Nasiru kana goye a lokacin, nonon uwarka ya ragu, kukanka har ya daina fita sosai. Ta sayar da tunkiyarta, ta sayar da kwanukan da ta zo da su, ba ta gaya mini ba sai da na ga jeren ya yi giɓi. Yaya ma nasa yaran haka suka sha, ba na cewa ya ware kansa. Ina cewa ne ɗana ya kusa tafiya a kan shawarar da ba a nemi bakina a cikinta ba.

Ga wani abin da ya kamata ku sani, don a yi wa mamaci adalci. Kafin kaka naira ta ƙara zubewa, har sefar nan da aka raba biyu ta dawo kusa da inda take in an auna ta da naira. Yaya ya dawo daga birni fuskarsa a sake, rabon da in ga haƙoransa tun kafin azumi.

"Ban gaya maka za ta tashi ba?"

Na ce, "Ta tashi, Yaya. Damina ce ba ta jira ta ba."

Shanun ma ba su jira ta ba, kuɗinsu ya yi sama tare da komai. Amma ba wannan ne ya tsaya mini ba. Wannan "ban gaya maka ba" ita ta nuna mini cewa a wurinsa bai yi kuskure ba, kuma gobe in wata dabarar ta zo haka zai kira ni ya gaya mini. Bayan an shigar da ɗan abin da aka samu, na je wurin liman da mai unguwa na ce ina so a raba mana gado, in fita daga gandu. Suka yi ta ba ni baki, suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na ce na sani, amma hannun da ba a tambaya ba shi jinka ke dannewa. Yaya bai yi gardama ba. Ya tsaya aka auna gona, har ya bar mini ɓangaren da ya fi jiƙa. Wuyar tana ɗakin Inna.

"Garba," ta ce, "ka jira in mutu mana. Ai saura ƙiris."

Ban jira ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce ba zan ƙara kai yarana wata daminar a haka ba. Ta juya fuskarta bango. Ta zauna a ɓangaren Yaya. Kullum uwarku ta gama tuwo sai ta zuba na Inna a aika, kullum a dawo da kwanon a wanke, daga baya na ji jikoki take ba, ita ba ta taɓa kai loma ɗaya bakinta ba. Ina zuwa gaishe ta safe da yamma tana amsawa, iyakarta ke nan. Ta rasu da bazara, kafin ruwa. Har gobe ban ce na yi kuskure ba, amma wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ya fi Ɗan Baƙi tsada.

Kada ku ɗauka fitar ta zo da daɗi. Tukunya biyu ta fi ɗaya cin itace. Ranar da uwarku ta kwanta ciwo babu mai ɗora mana girki, ranar da kuɗi ya yanke babu wanda zan ce wa yara na bukatar takalma. Sai a lokacin na san nauyin da Yaya ya ɗauka shekara da shekaru bai taɓa faɗa ba. Na haɗa kuɗin barkono da na keke na sayi sa ɗaya, iyakar ƙarfina ke nan. Yaya ma ya kwashe ragowar gwangwanin ya sayi ɗaya. Ba wanda ya gaya wa wani, kukan shanun ne ya tona mu ta kan katanga.

Ruwan shuka ya sauka. Da safe ina tsaye a turke ina kallon sana, yana kallona, dukanmu mun san ba abin da za mu iya. Sai na ji sallama a ƙofar gida. Tun da aka ja katanga Yaya bai taɓa taka zaurena ba. Na fito na gan shi da tsohon itacen wuyan nan na Fari da Ɗan Baƙi a kafaɗa, sansa a bayansa. Muka gaisa, muka tambayi kwanan iyali. 

"Sa ɗaya ba ya huɗa," in ji shi.

Na ce, "Ba ya yi."

"To, gonar wa za a fara?"

Tun da uwarmu ta haife ni, ranar ce ya fara tambayata wani abu yana jiran amsa. Na ce masa:

"Taka, Yaya."

Haka muka yi har ƙarshen ransa. Da safe a haɗa shanun, yau gonarsa gobe tawa, da yamma a kwance su kowa ya ja nasa zuwa turkensa. In zai sayar da nasa sai ya zo mu yi magana, ni ma haka, kuma sau da yawa mun saɓa, kowa ya yi abin da ya ga dama, wanda ya faɗi ɗan'uwansa ya tallafe shi da abin da ya tsira da shi. Wannan ita ce amsata, Nasiru. Ni ban ƙi maƙwabta su haɗa ƙarfi ba. Amma kafin ka yi murna ka tambayo mini wa zai riƙe igiyar jakar, za a tambayi ƙarami kafin a yanke, kuma in yamma ta yi ana iya kwancewa ko kuwa da itacen za a kwana a wuya.

Abu ɗaya na tsallake a labarin waccan safiyar. Hanyar gonar Yaya ta gefen maƙabarta ta bi. Muna tafe, yana riƙe da igiya ina ɗauke da garma, da muka zo daidai inda aka sa Inna sai ya tsayar da shanun. Ruwan jiya ya kwantar da ƙasar kabarin. Ya yi mata sallama, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce a hankali, "Inna, ga mu tare." Muka yi mata addu'a, kowa ya goge fuskarsa da hannun riga, muka kora shanun, don ƙasa ta fara shan iska.